Sankarar Mama: Tambayoyin da Masu Jinya Ke So a Amsa Musu

Sau da yawa mace kan fito daga ɗakin likita da takardu a hannu, tambayoyinta kuwa suna nan a ciki. Ko layi ya yi tsawo, ko kunya ta hana ta, ko kuma da maigida aka yi bayanin ita tana zaune a gefe. Ga waɗanda suka fi yawan fitowa daga bakin masu jinya.

An ce daji ba ya son ƙarfe. Idan aka ɗebi nama don gwaji, ba zai bazu ba?

Ɗibar nama ba ta baza shi. Abin da ya haifi wannan magana shi ne mata da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya kai hammata, ko ƙashi, ko huhu. Sai a yi aiki, bayan 'yan watanni rai ya yi halinsa, a ɗora wa wuƙa laifi. Gwajin kansa da allura mai kauri ake yi bayan an kashe wurin, cikin 'yan mintuna. Amma kada ki tsaya a "an ga sankara". Ki tambayi sakamakon abu uku: ER, PR da HER2. Su ne ke nuna ko ciwon yana girma da sinadaran jikin mace, da irin maganin da zai kama shi. Wanda aka fara ba tare da su ba, rabinsa lalube ne.

Dole ne a cire nonon gaba ɗaya?

Ba kullum ba. In ƙullutun ƙarami ne kuma wuri ɗaya, ana iya cire shi da ɗan naman da ke kewaye, amma da sharaɗin a bi da gashi da hasken na'ura. In babu tabbacin samun gashin, cirewa gaba ɗaya ya fi aminci. In ya girma, akan fara da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, don ya motse kafin aiki. Bayan aikin za a bar siririn bututu yana tsiyayar da ruwa kamar mako ɗaya zuwa biyu. A riƙa rubuta yawan abin da ya fita kowace rana, da shi likita ke sanin lokacin zarewa.

Me kemo zai yi mini?

Yawanci ana ba da shi ta jijiya duk mako uku, zagaye shida zuwa takwas. Sumar kai takan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan zagayen farko, tana kuma dawowa bayan an gama. Jan maganin nan da ake kira dokzorubisin yana sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Maganin amai kuwa a sha shi a kan lokaci tun kafin zuciya ta fara tashi, don in amai ya riga ya kama, tsayar da shi aiki ne.

Abin da ya fi waɗannan duka hatsari shi ne zazzaɓi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, ƙwayoyin jini masu kare jiki suna yin ƙasa sosai. A ajiye ma'aunin zafi a gida. In ya kai 38, ko ana rawar ɗari, a tafi asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, a kuma gaya musu tun daga ƙofa cewa ana kan kemo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce maleriya ce, a aika yaro kemis ya sayo farasitamol, a jira wayewar gari.

Kuɗi sun ƙare a zagaye na uku. Zan iya hutawa sai an samu?

Nan ne jinya ta fi lalacewa. An tsara tazarar mako uku ne don jiki ya farfaɗo amma ciwon bai samu damar farfaɗowa ba. In aka yi wata biyu babu magani, ribar zagayen baya takan zube. Haka nan wadda ta ga ƙullutu ya ɓace ta ce ta warke. Saboda haka tun ranar farko a nemi likita ya rubuta tsarin jinyar gaba ɗaya: gwaje-gwaje, zagaye nawa, aiki, gashi, da ƙiyasin kuɗin kowanne, dangi su zauna a kansa. A Najeriya a tambayi ofishin jin ƙai na asibitin koyarwa game da asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya. A kuma yi rajistar gashi da wuri, don cibiyoyin kaɗan ne, irin su Shika a Zariya, Sakkwato da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a Nijar kuma Yamai. Na'ura kan lalace, don haka a kira a tabbatar kafin a ɗauki hanya. Gashin kullum ake yi, Litinin zuwa Juma'a, mako uku zuwa biyar, ke nan sai an tanadi masauki.

Haihuwa fa, da shayarwa, da kwanciyar aure?

Sankara ba ta yaɗuwa ga miji ko jariri ko wanda aka ci tuwo tare da shi. Amma ba a shayarwa ana kan kemo, ba a kuma ɗaukar ciki, don maganin yana illa ga ɗan tayi. Haila kan ɗauke. Ga ƙananan mata sau da yawa tana dawowa, ga wadda ta haura arba'in tana iya tafiya ke nan. Mai son ƙarin haihuwa ta faɗa kafin a fara. Wadda aka ɗora kan tamokzifen, maganin da ke hana sinadaran jikin mace ciyar da ciwon, ƙwaya ɗaya ce kullum har shekara biyar zuwa goma. Jin zafi yana taso mata ba abin tsoro ba ne, amma kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo, ko zubar jini ba lokacinsa ba, na bukatar ganin likita nan da nan.

Hannuna na ɓangaren aikin ya kumbura. Ciwon ne ya dawo?

Yawanci ruwa ne ya taru saboda kaluluwar hammata da aka cire, amma a nuna wa likita. A ci gaba da motsa kafaɗa, a shafa mai, a kiyaye yanka da ƙuna wajen girki, kada a yarda a yi wa hannun tsaga ko ƙaho. In ya yi ja ya yi zafi, ƙwayar cuta ce ta shiga.

An rubuta mini mofin. Ke nan an yanke ƙauna?

A'a. Maganin ciwo ne, ana ba da shi a kowane mataki na jinya. Na ruwa duk awa huɗu ake sha, ba sai ciwo ya taso ba. Yana ƙulle ciki, don haka a karɓi maganin sassauta bayan gida tare da shi tun rana ta farko.