Waiwaye: shafin intanet da PDF, wa zai ture wani?

PDF da shafin intanet kusan sa'annin juna ne fa. A 1989 Tim Berners-Lee ya kawo shawarar yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Suwizalan, shi kuma PDF kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993, amma tun farko ba buƙata ɗaya suka zo biya ba. John Warnock na Adobe damuwarshi ita ce takarda ta fito yadda aka tsara ta a kowace kwamfuta da kowace firinta, har samfurin haruffan ma ana iya cusa shi cikin fayil ɗin su tafi tare. HTML kuwa, wato tsarin da ake gina shafin intanet da shi, rubutu ne mai bin faɗin sikirin, ya baje a babba ya tattaru a ƙarami.

Mu masu rubuta Hausa mun mori wannan cusa haruffan ba kaɗan ba, don a da in ka tura rubutu mai ƙ da ɗ da ɓ sai ya isa kwamfutar wani ya koma 'yan akwatuna, PDF kam lafiya lau yake kai su.

Yanar gizo ba ta zauna ba, CSS mai tsara kwalliyar shafi ya zo a 1996, EPUB na littattafai a 2007, HTML5, wato sabon fasalin HTML, ya kammala a 2014. Shi ma PDF a 2008 ya zama ma'aunin ISO, wato hukumar daidaita ma'aunai ta duniya, ya fita daga hannun kamfani ɗaya. A 2018 masu kula da shafin gwamnatin Birtaniya suka fito fili suka ce a riƙa wallafa bayanai a HTML maimakon PDF, kuma wallahi ina bayansu, saboda mafi yawanmu nan Katsina a waya muke karatu, sanarwa mai layi goma sai a sa ta a PDF kana ja kana zumin kana neman inda layi ya ƙare, ga data na tafiya, dattijo mai raunin ido kuwa sai dai a karanta mai.

Amma je kafe wajen Ƙofar Ƙaura lokacin JAMB ka gani. Silif, takardar admishan, ta NIN, duk so ake su fito cif a A4 a buga hatimi a sa hannu, kuma abin da ka sauke a waya naka ne ko babu netwok, ka tura a WhatsApp, shafi kuwa ana iya canza shi cikin dare ko link ɗin ya mutu. Wannan amanar ce har yau HTML bai gama samu ba a ofisoshinmu, inda magana ɗaya ce, "kawo firintin".