Mece ce "saukar gona" a wajen masu jirgi mara inji?

A teburin mai shayi a Ringim wani yaro ya nuna mana bidiyo: farin jirgi mai dogayen fukafukai a tsakiyar gona a Jamus, matuƙin na tsaye gefe yana waya. Baba mai shayi ya ce, "Subhanallahi, faɗowa ya yi?" Yaron ya ce, "A'a Baba, sauka ya yi."

Gilaida ake kiran jirgin, ba shi da inji. Wani jirgi ke jansa sama da igiya ya sake shi, daga nan sai ya riƙa hawa zazzafar iskar da ke tasowa daga ƙasa, yadda shirwa ke kewayawa da tsakar rana ba ta kaɗa fiffike. Na zamani yakan ci mita 40 gaba kafin ya yi ƙasa da mita 1. In iskar ta mutu, filin jirgi kuma da nisa, sai matuƙi ya zaɓi gona ko makiyaya ya sauka. Saukar gona ke nan, kuma tana cikin abin da ake koya musu.

Haɗarin yakan zo ne daga jinkiri. Ana so matuƙi tun yana wajen mita 600 a sama ya fara duba filaye, kafin ya kai mita 300 ya tsayar da ɗaya. Amma mutum da kwaɗayin isa gida! Ya yi ta laluben iska har ƙasa ta matso, ya juya a kurkusa gudu ya ragu, fiffike ya daina ɗauka, jirgi ya kifa da baki. Ba inji kuma balle a sake tashi a gyara.

Sai wayar lantarki, wadda ba a ganinta daga sama. Turakunta ake nema. Gangare ma yana yaudara, shi ya sa ake sauka ana fuskantar tudu.

Na yi tunanin gonakinmu. Babbar taya ɗaya ce a ƙarƙashin jirgin, fukafukai mita 15 ko fiye, kusa da ƙasa. In bakin fiffike ɗaya ya kama dawa ko gero, jirgin zai wulwula nan take, wutsiya na iya karyewa. Da rani ma ga kunya, dole a bi tsawonta, ga tushiyar kara, ga suri, ga gawo tsakiyar gona. Baba ya ce to a nan sai dai filin ƙwallon makaranta. Amma ko ba yara, filin ƙwallo yakan yi wa jirgin gajarta, ga kuma turakun raga.