Christian Okoye

Christian Emeka Okoye tsohon ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin ta Amurka ne, haifaffen Enugu a kudu maso gabashin Najeriya. An haife shi ranar 16 ga Agusta, 1961. Ya buga wa ƙungiyar Kansas City Chiefs wasa a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa a Amurka, daga 1987 zuwa 1992, a matsayin mai gudu da ƙwallo, sanye da riga mai lamba 35. A kakar 1989 babu wanda ya kai shi yawan yadin gudu a duk gasar. An fi saninsa da laƙabin "The Nigerian Nightmare", wato mugun mafarki ɗan Najeriya. Abin da ya bambanta shi da sauran fitattun wannan matsayi shi ne bai taɓa buga wasan ba sai da ya kai shekara 23, shekarun da tsararsa suka riga suka gama jami'a suka fara karɓar albashi.

Aikin mai gudu da ƙwallo

Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa kusan duk da hannu ake yin sa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11 a fili, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini a baki biyu. Tsawon filin yadi 100 ne, da ƙarin yadi 10 a kowane ƙarshe, wanda shi ne gidan kowace ƙungiya. Yadin nan shi ne dai na masu sayar da atamfa, bai cika mita ɗaya ba. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. In ta samu a sabunta mata damar, in ta kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ƙwallo gidan abokan hamayya ya ci maki 6.

Hanya biyu ce ta ciyar da ƙwallo gaba. Ko dai jagoran kai hari ya jefa ta sama wani ya cafe, ko ya danƙa ta a hannun mai gudu da ƙwallo, wanda ke tsaye a bayansa, shi kuma ya rungume ta ya kutsa. Manyan ƙarti biyar da ke layin gaba su ne ke ture masu tsaro su buɗe masa kafa. Masu gudu da ƙwallo iri-iri ne: akwai masu zulliya da kaucewa, akwai masu bi ta kan mutum. Okoye na cikin kashi na biyu, kuma ko a cikinsu ya yi fice.

Daga Enugu zuwa Azusa

Yana ɗan shekara shida ba kaɗan yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke a 1967, garinsu Enugu kuwa shi ne hedikwatar Biyafara ta farko. Bayan yaƙi ya tashi kamar sauran yaran zamaninsa, yana buga tamaula. Da jiki ya yi masa girma sai ya koma wasannin jifa: jifan faifai, jifan dunƙulen ƙarfe da jifan guduma. A jifan faifai ne ya fi ƙwarewa.

A 1982 ya tafi Amurka karatu a Jami'ar Azusa Pacific, wata ƙaramar jami'ar Kirista da ke gabas da birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya. Abokinsa Innocent Egbunike, shahararren ɗan tseren mita 400, ya riga shi zuwa can, kuma ta hanyarsa ne makarantar ta san da shi. A lokacin jami'ar tana fafatawa ne a ƙarƙashin NAIA, ƙungiyar wasannin ƙananan kwalejoji, a nan kuma Okoye ya lashe kambin ƙasa har bakwai a wasannin jifa.

Burinsa shi ne gasar Olamfik ta 1984, wadda aka yi a Los Angeles, kusan a ƙofar makarantarsa. Da aka fitar da sunayen tawagar Najeriya babu nasa. Egbunike ya shiga, har ya samu tagulla tare da abokansa uku a tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Okoye ya zauna ɗan kallo. Takaicin wannan ne ya sa ya nemi kocin ƙwallon jami'ar ya ba shi dama, alhali ya sha faɗa cewa karon farko da ya kalli wasan bai burge shi ba, ganin yadda ake ta tsayawa ana sake jeruwa.

Daga tushe aka fara koya masa: yadda ake riƙe ƙwallo, inda ake tsayawa, abin da lambobin da jagora ke kira suke nufi. Abin da ba a koya masa ba shi ne jiki. Tsawonsa mita 1.85, nauyinsa kusan kilo 115, amma yana gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 4.45. Mai irin wannan nauyi a wancan zamani layin gaba ake kai shi ya yi ture, ba a zaton zai iya tsere wa kowa. Shekarun jifan faifai sun gina masa cinya da ƙugu, inda ƙarfin majefi yake fitowa, kuma nan ne daidai wurin da masu tsaro ke neman kamawa in za su kayar da mutum.

Shekarun farko a Kansas City

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987, Chiefs ta ɗauke shi a zagaye na biyu, mutum na 35 a jerin gaba ɗaya. Kasada ce, domin yana dab da cika shekara 26, daga ƙaramar makaranta ya fito, kuma kaka uku kacal ya taɓa bugawa. A zagayen farko ma ƙungiyar ta riga ta ɗauki wani mai gudu da ƙwallo, Paul Palmer na Jami'ar Temple, wanda sunansa ya fi na Okoye amo nesa ba kusa ba. Palmer kaka biyu ya yi a ƙungiyar ya bar ta.

Kakar 1987 yajin aikin 'yan wasa ya gutsure ta, duk da haka Okoye ya yi gudun yadi 660 ya ci sau 3. A 1988 rauni ya hana shi wasanni da dama, ya tsaya a yadi 473. Ƙungiyar kanta a lokacin tana cikin na baya, wasa huɗu-huɗu ta ci a kowace daga cikin kakar biyu a hannun koci Frank Gansz. A wannan tsakani ne abokin wasansa na layin gaba, Irv Eatman, ya raɗa masa laƙabin da ya bi shi. A daidai lokacin akwai wani ɗan Najeriya a Houston, Hakeem Olajuwon na ƙwallon kwando, wanda Amurkawa ke kira "The Dream", wato mafarki. Sai ya zamana 'yan Najeriya biyu da suka fi suna a wasannin Amurka, ɗaya mafarki ne, ɗayan mugun mafarki.

Kakar 1989

Komai ya canza da zuwan Marty Schottenheimer a matsayin koci a 1989. Shi mutum ne da ya yi imani da gudu da ƙwallo da tsaro mai tsauri: a riƙe ƙwallo, a cinye lokaci, a gajiyar da abokan hamayya har su fara jin tsoron karo. Irin wannan tsari kamar don Okoye aka yi shi. A waccan kaka an danƙa masa ƙwallo sau 370, ya yi gudun yadi 1,480, ya ci sau 12. In aka raba, yadi 4 ke nan cif a kowace ɗauka. Wannan ba adadi ne na ban mamaki ba a wurin masu zulliya, amma yadi huɗun Okoye ta tsakiya ake samunsu, inda jama'a suka fi cunkoso, sau da yawa da mutum biyu ko uku a rataye a jikinsa. Lissafin mai sauƙi ne: yadi huɗu sau uku ya wuce goman da ake nema.

Kambin yawan yadi na waccan shekara yana da labari. Barry Sanders na Detroit Lions, wanda a shekarar ya shigo gasar, ya ƙare da yadi 1,470, tazarar yadi 10 ke nan. A wasan ƙarshe da Atlanta, Detroit na kan gaba kuma da sauran lokaci, aka sanar da Sanders abin da ya rage masa, ya ƙi komawa fili. Masu son rage darajar kambin Okoye kan kawo wannan, sai dai ba su cika ambaton cewa Okoye wasa 15 ya buga cikin 16 ba. An zaɓe shi cikin tawagar gwanayen gasar ta farko, aka kuma gayyace shi wasan taurari na Pro Bowl. Chiefs ta ƙare da nasara 8, rashin nasara 7, canjaras 1, wanda a wurinta farfaɗowa ce.

Karon da aka yi a Denver

A watan Satumba na 1990, a wasan daren Litinin da duk Amurka ke kallo a talabijin, Chiefs ta je Denver. Okoye ya karɓi ƙwallo ya nufi kafa kamar yadda ya saba, sai Steve Atwater, mai tsaron baya na Denver Broncos wanda bai kai shi nauyi ba, ya taho a guje ya tare shi gaba da gaba. Okoye ya koma da baya ya faɗi. Ba a saba ganin haka ba, ga shi kuma an maƙala wa Atwater makirufo a ranar, don haka hoton da sautin suka yi ta yawo shekara da shekaru.

Daga nan aka ƙirƙiri zancen cewa wannan karo ne ya kashe Okoye. Alƙaluma ba su goyi bayan zancen ba. Gaskiya ne a 1990 ya sauko zuwa yadi 805 da ci 7, amma yana fama da ciwon kafaɗa, kuma ƙungiyar ta samu Barry Word, wani ƙato mai irin salonsa, wanda ya haura yadi 1,000 a waccan kaka, suka riƙa raba aikin. A 1991 Okoye ya dawo ya yi yadi 1,031 ya ci sau 9, aka sake kiransa Pro Bowl. Wanda aka karya wa zuciya ba ya yin haka. A waccan shekara Chiefs ta doke Los Angeles Raiders da 10 da 6 a zagayen farko na wasannin fitar da gwani, kafin Buffalo Bills ta fitar da ita.

A 1991 ɗin ne kuma aka fitar da wasan bidiyo na Tecmo Super Bowl a na'urar Nintendo, inda aka tsara Okoye ta yadda masu tsaro ke tarwatsewa in sun taɓa shi. Yara da yawa a Amurka ta nan suka fara sanin sunansa.

Ƙarshen wasa

Abin da ya ci shi a zahiri gwiwa ce. Mai kaucewa yana rage yawan dukan da yake sha. Mai bi ta kan mutum kuwa kowace ɗauka karo ce, kuma da masu tsaro suka gane ba a kayar da shi ta sama, sai suka koma sarar ƙafafu. A 1992 an fi ajiye shi don lokacin da ake neman yadi ɗaya ko biyu a bakin gida, ya ƙare da yadi 448 da ci 6. Kafin kakar 1993, shekarar da fitattun 'yan wasa Joe Montana da Marcus Allen suka zo Kansas City, an yi masa aiki a gwiwa, bai kuma sake buga wasan gasa ba.

Jimillar aikinsa a kaka shida ita ce ɗauka 1,246, yadi 4,897 da ci 40. A lokacin da ya bari, babu wanda ya kai shi yadin gudu a tarihin Chiefs. Daga baya Priest Holmes da Larry Johnson da Jamaal Charles suka wuce shi. Yana da rauninsa a fili. Cafe ƙwallon da aka jefa ba fanninsa ba ne, waɗanda ya cafe a duk shekarunsa ba su kai 50 ba, ƙwallo kuma takan suɓuce masa fiye da yadda koci ke so. Duka biyun alamu ne na wanda bai tashi da ƙwallon a hannu tun yarinta ba. Gajartar shekarunsa ita ce ta hana shi shiga zauren gwanayen ƙwararru da ke Canton a jihar Ohio, inda Sanders da Atwater suke. Chiefs dai ta saka shi a nata zauren a shekarar 2000.

Bayan wasa

Okoye ya ci gaba da zama a kudancin Kalifoniya. Tun yana wasa, a 1990, ya kafa gidauniya mai sunansa, wadda ke shirya wa yara marasa galihu sansanonin wasanni kyauta tare da ƙarfafa musu gwiwar karatu. Shi ne kuma ya assasa zauren karrama gwanayen wasanni na jihar Kalifoniya.

A zamaninsa ɗan Najeriya a NFL abin nuni ne da yatsa. Yanzu sunayen Ibo da na Yarbawa sun zama ruwan dare a bayan rigunan gasar, yawancinsu 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura ne zuwa Amurka ko Ingila. Daga cikin waɗanda suka biyo bayansa akwai Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl, kofin zakarun NFL, sau biyu da New York Giants, da Jay Ajayi, mai gudu da ƙwallo haifaffen Landan, wanda ya ci kofin da Philadelphia Eagles a watan Fabrairu na 2018. A 2022 NFL ta gudanar da sansaninta na farko na neman matasa 'yan wasa a nahiyar Afirka, a ƙasar Gana, Umenyiora kuwa yana cikin jagororin shirin.