Mene ne "kol", kuma wanne ya dace da takarda?

In ka shiga shagon kayan makaranta a Garwa ko Marwa, nan arewacin Kamaru, ka ce a ba ka gam, mai shago zai gane, amma shi da bakinsa "kol" zai ce. Kalmar daga Faransanci take. A aji muka tsince ta tun muna firamare, kamar yadda 'yan uwanmu na Mubi da Yola suka tsinci "gam" a bakin Ingilishi. Duk abin da ke manne abu biyu, a wurinmu kol ne: na ambulan, na takalmi, na kafinta, na facin taya. Suna ɗaya, hali daban-daban, ita kuwa takarda ba ta da haƙurin katako.

A bikin ƙanwata na gane haka. Muka ce da hannu za mu haɗa katin gayyata, guda 150. Aka aiki yaro ya sayo kol, ya dawo da fari na ruwa, irin na kafintoci. Muka yi ta laftawa har dare ya raba. Gari na wayewa, kowane kati ya lanƙwashe kamar busasshen ganyen mangwaro. Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta juya shi, ta ce, "Kai ɗan nan, kati kuka yi ko mafici?"

Ruwa ne ya yi mana ɓarnar. Takarda zare-zaren itace ce da aka danne. In gefe ɗaya ya sha ruwa sai ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, ɗaya gefen kuwa yana nan yadda yake. Don haka kafin ka tambayi ƙarfin kol, fara tambayar yawan ruwan da ke cikinsa.

Farin kol ba shi da laifi, mu ne muka cika hannu. Yana riƙe kwali da ƙyalle da takardar biristol mai kauri, kuma in ya bushe ba a ganinsa. A ɗiga kaɗan, a baje shi da tsohon katin waya har ya zama kamar gumi, sannan a danne da littafi mai nauyi ya kwana. Takardar A4 mai giram 80 ba ta ɗaukarsa, kada ma a gwada. Ita tata kol na sanda ne, wanda ake murɗawa kamar jan-baki. Kamfanin Henkel na Jamus ya fara fito da shi a 1969 da sunan Pritt, kodayake mu nan UHU muka fi sani. Ruwansa kaɗan ne, ga tsabta, sai dai da hunturu kafin ka gama daidaita hoto ya riga ya bushe, kuma ba ya riƙe duwatsun ado. Waɗannan sai kol na bindiga, mai narkewa da zafi, wanda shi ma in ka bar katin a gaban mota da ranar Afrilu a Kusiri, laushi zai yi ya saki. Sikoc, wato salatif, mai fuska biyu babu ruwa ko ɗigo a cikinsa, ƙura ce kawai abokiyar gabarsa. Sufa gulu kuwa a bar wa masu gyaran tabarau: yana ratsa takarda ya bar tabo, a kan auduga ma zafi yake ɗauka.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka manta da ƙaro, alhali a ƙofar gidanmu yake. Chadi na cikin manyan ƙasashen da ke fitar da shi bayan Sudan, kuma 'yan kasuwar can sun raba shi biyu: kitir, mai tauri, na itacen dakwara, da talha mai saurin farfashewa. Ƙaron ne malamai ke sa wa a tawada don ta kama allo, ta kuma wanku in an zo wankewa. Ka jiƙa awo ɗaya a ruwa awo biyu ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka shafa da tsinke a bakin ambulan ka bar shi ya bushe. Ranar da za a rufe, danshin yatsa ya isa ya tashe shi. Wannan halin ne kuma rauninsa, don a tsakiyar damina yakan saki da kansa.

Kunun sitaci na rogo shi ma yana manne takarda sosai, yara na yin fitilar kwali da shi. Ni dai na daina sa shi a abin da za a adana. Wasu katuna da na ajiye a akwati, da na buɗe bayan shekara, kyankyasai sun bi layin sitacin sun cinye shi tas, sun bar mini furannin da na manna a zube a ƙasan akwatin.