Waiwaye: Yadda Aka Fara Tiyatar Tsawaita Hanjin Yara

Jaririn da ya cika watanninsa yakan zo duniya da ƙaramin hanji mai tsawon kusan santimita 250. Idan aka yanke mafi yawansa saboda ruɓewar hanji da kan kama bakwaini, ko murɗewar hanji, ko kuma an haife shi da hanjin a toshe ko a waje da ciki, abin da ya rage ba ya iya tsotse abinci da ruwan da jiki ke bukata. Kafin ƙarshen shekarun 1960, irin waɗannan jarirai kaɗan ne ke rayuwa.

Sauyin farko bai zo daga ɗakin tiyata ba. A 1968, Stanley Dudrick da Douglas Wilmore a Filadelfiya ta Amurka suka nuna cewa jariri zai iya girma da abincin da ake ba shi ta jijiya kaɗai. Yara suka rayu, sai dai daɗewa a kan wannan hanya kan lalata hanta, kuma bututun da ake sakawa a jijiyar don ba da abincin kan jawo shigar ƙwayoyin cuta cikin jini. Daga nan tambayar ta koma: yaya za a raba yaro da bututun?

Likitoci sun lura cewa guntun hanjin da ya rage yakan kumbura ya yi faɗi, har ya kasa tura abinci gaba, abincin ya tsaya, ƙwayoyin cuta su yi yawa. A 1980, Adrian Bianchi, likita ɗan asalin Malta da ya yi aiki a Mancesta ta Ingila, ya bayyana dabarar tsaga hanji mai faɗi gida biyu a tsaye, kowane ɓari da jijiyoyin jininsa, a ɗinke su su zama siraran bututu biyu, sannan a haɗa su baki da baki. Aiki ne mai wuya ƙwarai, domin kuskure kaɗan a wajen raba jijiyoyin kan kashe ɓari guda.

A 2003, Heung Bae Kim da Tom Jaksic na asibitin yara na Boston suka kawo hanya mafi sauƙi, wadda ake kira STEP. Ana yanka hanjin a gicciye da na'urar da ke yanka tana ɗinkewa, sau ɗaya ta dama sau ɗaya ta hagu, ba tare da an tsinke shi ba, sai abinci ya riƙa bin siririyar hanya mai lanƙwasa.

Abin da ya kamata iyaye su fahimta shi ne, babu ɗaya daga cikin biyun da ke ƙirƙirar sabon hanji. Siffar wanda ake da shi ake gyarawa don ya yi aiki. Shi ya sa ba a yi wa yaron da hanjinsa bai faɗaɗa ba, kuma hanjin kan iya sake kumbura bayan tiyata. A 2019 Amurka ta amince a ba yara daga shekara ɗaya maganin teduglutide, mai ƙarfafa fatar cikin hanji, dashen hanji kuma ya zama na waɗanda sauran hanyoyin suka gaza musu.