Waiwaye: Yadda kalmomin harshen Finlan suka samo asali

Muhawarar da ake yi a Finlan kan yadda Turanci ke mamaye jami'o'i da wuraren aiki ta sa wasu na magana kamar aron kalma baƙon abu ne ga harshen ƙasar. Alhali tun kafin a fara rubuta shi, harshen da danginsa na gaɓar tekun Baltik, irin su harshen Estoniya da na Kareliya, sun sha aro daga maƙwabta. Kalmar sata, wato ɗari, daga tsoffin harsunan Indiya da Iran ta fito; hammas, haƙori, daga mutanen Baltik, wato kakannin 'yan Lituweniya da Latbiya; kuningas, sarki, daga kakannin Jamusawa; pappi, limamin coci, ta bakin Rashawa ta shigo. Ko da malamin coci Mikael Agricola ya fitar da fassarar Sabon Alkawari zuwa harshen Finlan a 1548, waɗannan duk sun zama 'yan gida.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba shi ne shekarun 1840. A lokacin harshen Suwidin ne na mulki da boko, harshen Finlan kuwa na manoma ne, ba shi da sunan kimiyya balle na lantarki. Waɗanda suka cike giɓin har da likitocin karkara, mutanen da kullum suke zama gaban maras lafiyan da ba ya jin wani harshe sai na uwarsa. Wolmar Schildt, likita a garin Jyväskylä, ya ɗauki aikatau mai ma'anar sani ya ƙera tiede, kimiyya, daga mai ma'anar iyawa kuma ya fitar da taide, fasaha. A 1845 Samuel Roos ya raɗa wa lantarki suna sähkö, yana kwaikwayon ƙarar tartsatsin wuta. Elias Lönnrot, shi ma likita, ya kammala babban ƙamusunsa na harshen Finlan da na Suwidin a 1880.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Kalmomin sun kama ƙasa ne saboda masu ilimin da kansu suna da buƙatar talaka ya gane su, kuma a kan wannan turba aka samu tietokone, na'urar sani, a matsayin sunan kwamfuta. Yau masani a Helsinki, babban birnin ƙasar, yana iya yin bincikensa, ya rubuta, ya koyar da Turanci, ba tare da wata larura ta tilasta masa neman sunan abin a harshen gida ba.