Kafin ka sayi injin walda na biyu

Ƙarfe biyu da wani abu na dare aka ƙwanƙwasa ƙofa, ina kan aikin kwana a asibitin unguwa. Wata uwa ce ta jawo ɗanta da hannu kamar mai jan makaho. Yaron bai fi shekara 15 ba, ya lulluɓe kansa da mayafin uwar, hawaye na kwarara alhali ba kuka yake yi ba.

"Likita, ka taimaka. Wai yashi ya cika masa ido, ga shi yau ko iska ba a yi ba."

Na rage hasken fitila na ce, "Samari, a wane garejin walda kake?"

Uwar ta dube ni kamar wanda ya buga ƙasa. Ba wani duba a ciki. Duk wanda ya daɗe yana kwana a asibiti a Maradi ya san wannan baƙon na tsakar dare. Walƙiyar walda tana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, irin wanda ke cikin rana amma a kusa kuma da ƙarfi. Shi ke ƙona fatar gaban ƙwayar ido. Muguntarsa ita ce ba ya nuna kansa nan take: sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya ci tuwo ya kwanta, sannan ido ya ɗauki raɗaɗi kamar an zuba masa rairayin Gulbi. Yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu yake warkewa, shi ya sa ake raina shi.

Da gari ya waye na bi ta garejin kafin in wuce gida. Rumfa ce ta kwano a bakin titi, an jingine ƙofofi uku da ba a yi wa fenti ba, ga gadon ƙarfe rabinsa a ɗaure. Maigidan yana tsugune, garkuwar fuska a hannun hagu, sandar walda a dama. Wani yaro ya riƙe masa ƙarfen da hannu biyu, fuskarsa ba ta fi kamu biyu daga wutar ba. Duk kariyar da yake da ita kalma ɗaya ce daga bakin maigida: "Rufe!" Wani lokaci kalmar ta riga wuta, wani lokaci wuta ta riga ta.

Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce, "Likita, ai wanda bai sha wannan ba bai fara koyon walda ba. Mu ma haka muka taso. Ido sabawa yake yi."

Na ce, "Malam, ido ba ya sabawa. Mai idon ne ke sabawa da wahala."

Hira ta yi nisa har ya gaya mini yana tara kuɗin injin na biyu, don aiki ya fi ƙarfin ɗaya. Wannan hirar ce ta sa nake wannan rubutu, saboda abin da ya faɗa shi ne tunanin kusan duk wanda na sani a sana'ar.

Walda sana'a ce mai ci a garin nan, ba na jayayya. Dubi yadda ake gini daga unguwar Zariya zuwa ta Ali Ɗan Sofo. Kowane gida yana son ƙofa, taga da ƙarfen tsaro. Kafin damina manoma daga Tibiri da Madarunfa suna kawo amalanke da garma a ɗaure musu. Bayan kaka, in an sayar da wake da gyaɗa, sai bukukuwa su tashi, a nemi gadon amarya da murhu. Masu kabu-kabu da adaidaita kuwa kullum da abin da ya karye. Matashin da ya zauna gaban maigida ya koya da kyau, ko ya bi ta cibiyar koyon sana'a ko makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, ba zai rasa na cefane ba. Abin da nake gani shi ne, in ya tashi buɗe nasa wuri, lissafinsa guda ne: inji, waya, injin yanka da gogar ƙarfe, kwalin baget (sandar walda), hayar rumfa. Garkuwar fuska ɗaya tak, ta maigida. Ga yara kuma, in an yi kirki, a saya musu baƙin tabarau na kasuwa.

Wannan tabarau ya fi rashinsa haɗari ta wata fuska, don yana sa yaro ya saki jiki ya kalli wuta kai tsaye, kuma haske na shiga ta gefe. Gilashin walda na gaskiya yana da lamba a jikinsa. Ga walda ta lantarki irin wadda ake yi da baget, lamba 10 zuwa 13 ake nema, gwargwadon ƙarfin wutar. In ka ɗaga shi ka kalli tsakar gida da rana tsaka, kusan ba ka ganin komai. Haka ya kamata ya zama. Kowane mutum da ke kusa da wuta yana bukatar tasa garkuwar, mai riƙe ƙarfe kafin kowa. In ma da hali, a ɗaure ƙarfen da matsi, yaro ya ja baya. Sannan a kafa tsohon kwano ko allon katako tsakanin wurin aiki da titi, don ƴan makaranta da masu talla su ma suna tsayawa kallo, kuma su ma muna ganinsu da dare.

Yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Yaro ɗaya ya kwanta kwana biyu, ƙofar da ka yi alkawarin Alhamis ta koma Asabar, mai gida ya zo sau biyu ya tarar ba a gama ba. A Maradi labari ba ya kwana. Kuɗin garkuwa biyu bai kai asarar abokin ciniki ɗaya ba.

In abin ya riga ya faru, ga abin da nake roƙo. Kada a ɗiga ruwan sukari, ko ruwan albasa, ko na tumatir, ko nonon mai shayarwa. Duk na gansu, kuma ido mai rauni ƙofa ce buɗe ga ƙwayoyin cuta. Kada a sayi maganin ɗigawa wurin mai tallar magani a kan tire. Akwai mai kashe zafi nan take, mutum ya ji kamar an yi masa gafara, amma in ana maimaita shi yana hana raunin rufewa har ya zama gyambo. Akwai kuma wani iri da ke ƙara wa ƙwayar cuta ƙarfi in ido ya riga ya kamu. A sa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, a zauna a ɗaki mai duhu, a sha maganin ciwon kai na yau da kullum, kada a murza, a zo a duba. In bayan kwana biyu bai lafa ba, ko gani ya ragu, ba maganar jira.

Ɓarɓashin ƙarfe kuma wani labari ne daban, kuma shi ya fi makantarwa. Ƙaramin injin goga yana juyawa fiye da sau 10,000 a minti ɗaya. Ɗan tsinken ƙarfen da ya tashi daga nan in ya maƙale a ƙwayar ido, cikin ƴan awoyi yake fara tsatsa a wurin. Na ga wanda aka yi wa ƙoƙarin cirewa da tsinken ashana, na ga na bakin takardar kuɗi. A bar shi yadda yake, a rufe idon ba tare da dannawa ba, a nufi asibiti ranar. Farin tabarau mai rufe gefe shi ne maganin wannan, kuma yana cikin mafi arha a duk kayan gareji. Murfin da ke kan faifan injin kuma ba ado ba ne. Masu cire shi don "ya fi saurin aiki" su tambayi wanda faifai ya taɓa fashe wa a hannu.

Sai hayaƙi. Akwai wata masassara da ke ruɗar mu kanmu ma'aikatan lafiya. Mutum ya wuni yana walda a kan bututun ruwa ko kwano mai farin shafe, da dare sai sanyi ya rufe shi, ga ciwon jiki, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki. Ya ce sauro ne, ya sha magani, jibi ya miƙe, ya ce magani ya yi aiki. Alhali hayaƙin sinadarin zink ne da aka shafe ƙarfen da shi, kuma da ma cikin kwana ɗaya ko biyu yake sakin mutum. Don haka in ka zo gwajin jini, ka gaya mana sana'arka da abin da ka ƙona ranar. Wannan mai wucewa ne. Wanda ba ya wucewa shi ne na shekara da shekaru: a 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa hayaƙin walda cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, musamman na huhu. Gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki wai don ta wanke ƙirji, ciki take tafiya. Hayaƙi kuwa huhu ya shiga, hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Sha madararka don daɗi. Abin da ke kare ka shi ne ka yi aiki inda iska ke ratsawa, ka tsaya ta yadda za ta kwashe hayaƙin daga fuskarka, ka daina sunkuyar da kai cikinsa, ka kankare fenti da farin shafe daga wurin da za ka ɗaure kafin ka kunna wuta. Mu nan Allah ya taimake mu yawancin garejinmu a fili suke. Haɗarin yana zuwa ne ranar da aka ce ka shiga cikin tankin ruwa ko ƙaramin ɗaki ka yi aiki.

Tunda na ambaci tanki, bari in tsaya a nan kaɗan, don wannan ba ya ba da damar gyara kuskure. Garin da ake sayar da ruwa-ruwa, wato fetur, a kwalabe a kowace kusurwa, duro da tankin babur da suka taɓa ɗaukar fetur ba sa ƙarewa. Mai shi zai rantse maka cewa babu ko ɗigo a ciki, ya fi wata a bushe. Gaskiya yake faɗa, kuma nan haɗarin yake. Ruwan fetur ci yake yi da wuta. Tururinsa da ya gauraya da iska a cikin rufaffen wuri shi ke fashewa. Ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Wanda bai koyi wannan aiki a hannun gwani ba, ya ce a kai gaba. Jika ɗaya ko biyu da za a biya ka ba ta kai kuɗin bandeji ba, in ma an kai ga bandeji.

Wutar injin kanta ana raina ta don ba ta kai ta gida ba. Amma tsakanin bakin waya biyu, kafin a fara ɗauri, akwai abin da ya kai bolt 50 zuwa 80, kuma a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, rigarka jiƙe take da gumi. Jiƙaƙƙen jiki, silifas, waya mai tsirara da aka naɗe da leda, ƙasa mai laima da damina: haɗuwarsu ta isa. Safar hannu ta fata a bushe, takalmi rufaffe, rigar auduga mai dogon hannu; rigar ƙwallo ta roba narkewa take ta manne a fata. In an ƙone, ruwa mai sanyi na minti 20, ba man goge baki ba, ba baƙin mai ba. In wuta ta ɗauke aka tayar da janareta, a waje za a ajiye shi, don hayaƙinsa yana kashewa ba tare da wari mai gargaɗi ba. Allurar tetanus kuma, mai wasa da tsatsa kullum bai kamata sai ya taka ƙusa zai neme ta ba.

Ta ina kuɗin duk wannan zai fito? Daga inda na injin na biyu zai fito, sai dai wannan ya riga. Abin da na lura yana karya masu walda ba rashin aiki ba ne, cin kuɗin kafin alkalami ne. An ba ka na sayen ƙarfen ƙofa, ka yi cefane da shi, sai ka jira na mutum na gaba ka sayi ƙarfen na farko. Haka za ka yi ta binne rami da ƙasar wani ramin. Sayi ƙarfen ranar da aka ba ka kuɗin. Riƙe ɗan littafi, ko da ajami ne, ka rubuta awo da farashi da ranar alkawari a gaban mai aiki. In kana yanka farashi, sa kuɗin baget, faifai, wuta da abincin yara, sannan ka ƙara wani abu kaɗan na gilashi da safar hannu, don su ma cinyewa suke yi kamar baget. Asusun Mata Masu Dubara a jihar nan aka fara shi a 1991, da ƴan kuɗin da mata ke zubawa mako-mako, har wasu ƙasashe suka kwaikwaya. Masu gareji biyar a layi ɗaya ba za su kasa yin adashen kayan kariya ba.

Game da yara, dokar aiki ta ƙasarmu ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 14 ba, ko da sunan koyo ne. Wanda ya kai ma, iyayensa amana suka ba ka. Yaron da ka yaye da idonsa biyu lafiya shi zai riƙa turo maka aikin da ya fi ƙarfinsa.

Bayan kamar mako uku na sake bi ta garejin nan. Injin na biyu bai zo ba tukuna. Yaron da aka kawo mini da dare yana tsugune yana riƙe da ƙafar gado, fuskarsa a bayan wata garkuwa da aka yanka daga katako aka ɗaura mata gilashi da waya. Na karɓa na ɗaga ta sama, na duba gefen gilashin: lamba 11. Maigidan bai ɗago ba, ya ce, "Likita, ka gani? Saura na ƙaramin, sai ranar kasuwa." Ƙaramin yana can gefe yana goge wata taga, tartsatsi na tashi, ya kare idonsa da tafin hannu.